Kifin Iya da Ruwan Wankina

Na san abin da kuke cewa a bayan idona, don bangon gidan nan ba shi da kauri. Kuna cewa Mama ta cika ƙa'ida a kan ruwan wanki. Wai gidan kowa ana tuntsure baho a tsakar gida, ruwa ya bi rariya ya tafi abinsa, amma a nan sai mutum ya ɗauki bokiti ya kai ramin gindin darbejiya kamar an aike shi kai wa maƙwabta miya. Usman har ya taɓa ce wa abokansa a gidanmu ruwan datti ma yana da masauki. Na ji, kuma na yi dariya a ɗaki. Ke kuma Fatsuma, na san har yau akwai tambaya a ranki: me ya sa ranar bikinki na tsallake Inna Rabi, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta taso tun daga Nguru, na miƙa ki ga Goggo Talatu ta yi miki wankan amarya. Amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce, kuma tana cikin shekarar da aka kawo ni gidan nan. Babanku ya san labarin, amma ba zai faɗa muku ba, domin shi ma yana da kasonsa a ciki. Gara ni in rubuta tun ido yana gani.

Ni a cikin ƙamshin sabulu na tashi. Kakanku na Nguru, wanda iyayensa suka zo daga Kano fatauci suka zauna, shagon kayan masarufi gare shi, rabin shagon kuwa sabulu ne da garin wanki da bula da bilic da kwalaben fiya-fiya, wancan maganin ƙwari mai hawa kai. Abin da bai samu wuri a shago ba a zaurenmu yake kwana. Mahaifiyata, Hajiya, mace ce da za ta iya wanke abin da aka wanke jiya don kawai ta ga rana ta fito. Kullum bakinta tsafta cikon addini ce, kuma a wajenta tsafta tana nufin kumfa. In ba a ga kumfa ta taru ta kai gwiwar hannu ba, ba a yi wanki ba. Rariyar gidanmu a kwatar bakin titi take zuba, mu kuwa a ganinmu ruwa in ya fita daga gida ya zama na hukuma. Ban taɓa tsayawa na tambayi inda yake zuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata. Da za a kawo ni Gashuwa, bayan gado da kwanuka, sai da kakanku ya sa aka ɗora katan-katan na kayan shagonsa a motar, yana cewa 'yarsa ba za ta je ta yi roƙon sabulu a garin mutane ba.

Kakarku ta wajen uba, wadda duk muke kira Iya, mutuniyar Bade ce, haifaffiyar Dagona. Guntuwa ce, baƙa, mai ƙarfin murya, in ta yi dariya sai kaji sun watse. Tun ranar farko ba ta kira ni da sunana ba, Ta Nguru ta sa mini, kuma da shi na tsufa. Ta ƙaunace ni ba tare da wani dalili ba. In ta dafa kifi sai ta cire mini ƙaya da hannunta, tana cewa 'yan birni ba su iya ba, kada a ce ta kashe amarya. Dukiyarta a duniya ba ta wuce kududdufin da ke bayan katangarmu ba, a gangare. Duk shekara in kogi ya cika ya yi ambaliya a ƙarshen damina, ruwa yakan shigo cikinsa da ƙananan tarwaɗa da ƙarfasa, in ruwan ya janye sai ya bar su a ciki. Iya ce take kiwon su. Da safe bayan ta yi salla za ta ɗauki dusa da ƙanzon tuwo ta zaga ta watsa musu, tana yi musu magana da Badanci. Ba a taɓa kifin sai bazara ta yi tsakiya, ruwa ya ja baya. A ranar ne ƙaninta, Kawu Mamuda, yake zuwa daga Dagona da homarsa ta kamun kifi da gorarsa, shi yake fara shiga. Kifin farko ba a sayarwa, gida-gida ake rabawa a unguwa. Haka suke yi shekara da shekaru, tun kafin a haifi Babanku.

Abu ɗaya ne ya dame ni a gidan, shi ne yadda ake wanki. Tsakar gidan ƙasa ce, ba siminti. Iya da sabulun salo take wanki, da toka take wanke tukwane, in ta gama ta ɗauki ruwan ta watsa a gindin darbejiya, ƙasa ta shanye. Ni kuwa na ga wannan ƙauyanci ne. Ruwan wankina ya fi ƙarfin gindin darbejiya, kullum wurin a jiƙe, kaji suna tattakawa. Na fara yi wa Babanku mita, irin mitar amare wadda ba ta da hutu. Shi kuwa a lokacin in na ce rana ta yamma take fitowa sai ya ce shi ma ya lura. Ba a yi wata biyu ba ya kawo magini, aka shafe gefen rijiya da siminti, aka huda katanga ta ƙasa aka yi rariya, aka gyara mata hanya yadda ruwa zai gangara waje da kansa. Iya ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Ta Nguru, yanzu ruwan nan ina za shi?"

"Waje za shi, Iya."

"To, wajen ma ai gidan wasu ne."

Ta faɗa ne tana dariya, ni ma na yi dariya. Ku tuna, amarya ce ni, shekarar farko ba na fita ko ƙofar gida sai da babban dalili. Kududdufin nan da ake ta magana a kansa, labarinsa kawai nake ji. Ban taɓa ganin bayan katangar ba. Babanku da ya gani, shi a zatonsa ruwa ruwa ne, zai bi cikin ciyawa ƙasa ta shanye kafin ya kai ko'ina. Ita Iya ta wata hanyar take zagawa, ta gefen da ba ciyawa. Sau biyu ta dawo tana cewa ta ga wata kumfa a bakin ruwa, kuma kwaɗin bana ba su da hayaniya kamar na bara. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da dirzar zannuwana.

Da sanyi ya shigo, Kawu Mamuda ya zo. Dogo ne siriri, mai barkwanci, in shi da Iya suka haɗu sai ka rantse faɗa suke, alhali hira ce. An sa bikin 'yarsa Talatu. Talatun nan kuwa Iya ce ta raine ta tun mahaifiyarta ta rasu, a bayanta ta girma, sai da ta zama budurwa ta koma Dagona wajen ubanta. Kowa ya san Iya ce uwar biki, ita za ta yi mata wankan amarya, har ta fara haɗa mata turaren wuta a wata tukunya da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Abin da ya kawo Kawu shi ne a bar shi ya kama kifin kududdufi tun yanzu, saboda hidimar biki. Ina ɗaki ina jin su.

"Mamuda, kifin da bai kai tafin hannu ba za ka ba wa baƙi? Ka bari sai bazara."

"Yaya, bikin ne zai jira bazara?"

"Ni ban hana ka komai ba, akuyata tana nan, ɗauki. Amma ruwan nan ba a shiga sai lokacinsa."

"To shi ke nan. Ki riƙe kifinki, ki ci ke kaɗai, in kin same shi."

Ya buga sandarsa ya fita, bai ko sha furar da na dama masa ba. Iya ta bi shi da harara tana cewa gobe ma zai dawo, tun yana yaro haka yake. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi. Amma baki shi ke yanka wuya, wannan kalma tasa ta ƙarshe ita ta zauna tana jiransa.

A makon ne saƙo ya zo daga Nguru cewa Hajiya za ta zo ganin ɗakina. A makon ne kuma na ga kuɗin cizo a jikin gadona, sun biyo wata tabarma da baƙi suka kwana a kai. Ku da kuka san Hajiya kun san abin da wannan yake nufi. Na fi yarda ta same ni da zazzaɓi da ta ga ƙwaro ɗaya a katifata. Aka yi dace, ko in ce rashin dace, Iya ta tafi Katuzu ta'aziyya za ta kwana biyu, Babanku kuma ya tafi kasuwar Kumagannam sayen hatsi. Gida ya zama nawa. Na fito da gado da tabarmi da duk wani katako da ke ɗakin, na jera a kan simintin nan. Na buɗe fiya-fiya na tuttula a baho, na ƙara garin wanki, na ƙara bilic don abin ya yi ƙarfi. Na ɗaure hanci da ɗankwali, na dirje komai, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. Guga nawa na ja daga rijiya ranar, Allah kaɗai ya sani. Ina kallon ruwan yana bin rariya fari fat, ina jin daɗi a raina, ina cewa yau Hajiya za ta san ta haifi 'ya. Kafin la'asar rana ta busar da komai, na turara ɗaki, warin ya tafi.

Iya ta dawo da hantsi bayan kwana biyu. Ko ƙullin kayanta ba ta ajiye ba ta zaga wajen kifinta, kamar yadda ta saba. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Matan unguwa suka fito, ni ma na ja mayafi na bi su, ba wanda ya hana ni. Wannan ce ranar farko da na ga kududdufin. Kifi ne birjik a saman ruwa, ciki a sama, manya da ƙanana, har da kwaɗi. Iya ta shiga ruwan har gwiwa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana sakewa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ɗebo ruwan ya sansana, ya ce maganin ƙwari ne, irin wanda miyagun masunta suke zubawa in suna son kifi ya taso, ya ce kada kowa ya ci, a haƙa rami a binne. Wata mata kuma ta ce ai shekaranjiya da yamma ta ga Mamuda a tsaye a bakin ruwan. Gaskiya ta faɗa, daga baya muka ji ya dawo ne ya ba yayarsa haƙuri, bai same ta ba, ya tsaya ya ɗan kalli kifin ya tafi. Amma a ranar ba mai wannan lissafi. Ruwa ba ya tsami banza, in ji dattijon, kowa ya gyaɗa kai.

Ni kuwa ina gefe ina tattara matattun kifi a kwando, sai ƙafata ta zame a cikin ciyawa. Na duba ƙasa. Wata 'yar hanya ce ruwa ya yi, ƙasar wurin ta yi shuɗi-shuɗi da bula, ciyawar gefenta ta ƙone. Na bi ta da ido zuwa sama, ta kai ni har gindin katangarmu, har bakin rariyata. Warin da ke tashi daga wurin kuwa na san shi kamar yadda na san sunana. Na ja ciyawa da ƙafa na rufe wurin. Wannan jan ciyawar shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata, ya fi zuba maganin, domin maganin ban sani ba na zuba.

Da yamma Iya ta aika Dagona da saƙo cewa ba ita ba Mamuda, kada ya sake taka mata gida, bikin 'yarsa kuma ya nemi wata uwar. Kawu ya zo da kansa, ya tsaya a zaure yana rantsuwa, ta ƙi fitowa. Babanku ya shiga tsakani, ta ce in ya ƙara magana shi ma ya bi kawun nasa. Washegari Hajiya ta iso daga Nguru. Ta duba ɗakina lungu-lungu, ta shafa gado da yatsa, ta ce madalla. Da muka keɓe na faɗa mata komai ina kuka. Ta kalli ƙofa, sannan ta rage murya.

"Wa ya sani bayan ke?"

"Babu kowa."

"To ki bar shi a haka. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Su 'yan'uwa ne, za su shirya. Ke kuwa baƙuwa ce, ko shekara ba ki yi ba. In suka juya miki baya, wa gare ki a garin nan?"

Kada ku ga laifin Hajiya. Uwa ce, 'yarta take gani, ba ta san Iya ba. Ni da na san Iya ni ce mai laifi, don na karɓi shawarar da hannu biyu, ta yi daidai da tsorona. Na daina zuba komai a rariya, na koma kai ruwa gindin darbejiya a ɓoye, ina ce wa kaina hakan ma tuba ne. Kullum ina jiran su shirya. Ba su shirya ba.

Ranar bikin Talatu ta zo. Tun safe matan dangi suke shigowa suna roƙon Iya, tana ce musu kanta ke ciwo. Motar 'yan biki ta tsaya a ƙofar gida ta yi ta hon, ta gaji ta tafi. Babanku ya tafi shi kaɗai. Da gida ya yi tsit, na leƙa ɗakin Iya da kwanon abinci, na same ta zaune a bakin gado, tukunyar turaren nan a cinyarta, ta buɗe murfin tana kallo. Ba kuka take ba, da kuka take da ya fi mini sauƙi. Na ajiye kwanon, bakina ya buɗe, maganar ta zo har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce a raina yau ba ranar faɗa ba ce, kada in ƙara mata. Ƙarya nake yi wa kaina. Ranar ce ranar faɗa, da na faɗa da safe da ta shiga motar nan.

Bayan biki da kamar mako biyu na kwanta. Cikin Usman ne, ban sani ba tukuna, komai na ci sai ya dawo. Iya ta tattara tabarmarta ta dawo ɗakina. Ita take dama mini kunun tsamiya, ita take riƙe mini kai, ita take wanke abin da na ɓata, da sabulun salonta. Wata safiya ta fitar da ni gindin darbejiya in sha iska, tana tsefe mini kai, sai ta ce:

"Ta Nguru, ki warke mini. Ɗan'uwa na rasa, 'ya na rasa. Ke kaɗai kika rage mini."

Nan ƙarfina ya ƙare. Na zame daga jikinta na durƙusa, na faɗa mata tun daga kuɗin cizo har jan ciyawa, ban rage komai ba sai shawarar Hajiya, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ta saurara, matsefi a hannunta. Ina jiran zagi, ina jiran ta ce in tattara in koma Nguru.

"Kwalba nawa kika zuba?"

"Uku, Iya."

"Har uku? Kuɗin cizon garin nan duka a ɗakinki suka taru?"

Ta tashi ta fita. Na ji takunta ta zaga bayan katanga, ta jima, ta dawo zaninta duk ƙaya. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da tukunyar turare.

"Za ki iya zama a mota?"

"Zan iya."

"To tashi. Dagona za mu."

A bayan a-kori-kura muka tafi, tsakanin buhunan shinkafa. Duk hanya ba ta yi mini magana ba, amma duk ramin da motar ta faɗa sai ta sa hannu ta tare ni. Mun sami Kawu a ƙofar gidansa yana ɗinkin homa. Da ya gan mu ya miƙe, zaren ya faɗi. Iya, wadda ta goya shi yana yaro, ta durƙusa a gabansa a cikin ƙasa, mutane suna kallo.

"Mamuda, na zalunce ka. Ba kai ba ne."

"Subhanallahi! Yaya, tashi. Don Allah tashi, kada ki ja mini."

Shi ma ya durƙusa, suka zama su biyu a ƙasa, kowa yana cewa ɗaya ya fara tashi. Iya ba ta ce ni ce ba, cewa ta yi ruwan gida ne ya gangara. Ni na matso na faɗa da bakina. Kawu ya dube ni, ya dubi yayarsa, ya share ido da hannun riga.

"Ta Nguru, ni tambaya ɗaya gare ni. Kuɗin cizon, sun mutu kuwa?"

"Sun dawo, Kawu."

Dariyar da ya yi har sai da ya zauna daɓas. Iya ma ta yi, tana dukan kafaɗarsa, hawaye yana zuba. Na ɗauka an gama ke nan. Sai muka wuce gidan da aka kai Talatu, can ƙarshen gari. Ta fito da gudu ta faɗa jikin Iya. Iya ta miƙa mata tukunyar turare, Talatu ta karɓa ta rungume, ta ce a hankali, ba da faɗa ba:

"Iya, ranar nan ƙofa na yi ta kallo. Da za a yi mini wanka na ce a ɗan jira, kina hanya. Aka jira har rana ta faɗi."

Ni na juya na fuskanci bango.

Da muka dawo gida, Iya ta sa Babanku ya toshe rariyar da hannunsa, ba ta yarda a kira magini ba, ta ce wanda ya huda shi zai liƙe. Yana cuɗa ƙasa tana tsaye a kansa tana cewa amarya ba ta ga bayan katanga ba, shi da ya gani me ya hana shi tunani. Sannan ni da ita muka sa aka haƙa ramin nan na gindin darbejiya, nesa da rijiya, nesa da gangare, aka zuba tsakuwa da yashi da gawayi. Ba ta hana ni garin wankina ba. Cewa ta yi in rage hannu, kumfa ba ita ce tsafta ba, abin da ya fi ƙarfin hanci kuma kada ya taɓa ruwa, ko kwalbarsa kada a ɗauraye. Sauran fiya-fiyan na mayar wa kakanku Nguru. Ya yi ta juya kwalbar a hannu yana cewa shekara nawa yana sayar da abin nan, bai taɓa ce wa mai saye ga inda zai zubar da ruwan ba. Daga ranar duk wanda ya saya sai ya sha wa'azi, har wasu suka koma shagon gaba.

Bazarar shekarar ba a yi rabon kifi a unguwa ba. Damina ta zo, kogi ya cika ya wanke kududdufin, amma kifin da ya shigo bai yi auki ba. Sai a shekara ta biyu Kawu ya shiga da homarsa ya fito da tarwaɗa mai kaurin damtse, ya tsallake kowa ya miƙo mini, ya ce in riƙe da kyau, wannan ba ta san ni ba. Iya ta rayu shekaru da yawa bayan haka, duk ita ta yi mini wankan jegonku, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba, ko a cikin faɗa. A ciwonta na ƙarshe ina shafa mata mai a ƙafa, na ce ta yafe mini abin da ya faru shekarar nan.

"Wane abu? Kifi? Ai kifi ya dawo, Ta Nguru. Tun a mota na yafe miki." Sannan ta ce, "Bikin ne bai dawo ba."

Shi ya sa, Fatsuma. Ba ni da yadda zan mayar wa Talatu ranarta, kuma ba ni da yadda zan mayar wa Iya. Abin da nake da shi ke ce. Da na je Dagona na ce mata ita za ta yi miki wanka, ta ce ina Rabi, na ce Rabi za ta yi fushi ta huce. Ta zo da wata tsohuwar tukunya, na gane ta tun daga nesa. Ashe ba ta taɓa ƙarar da turaren ba, tana ɗiba kaɗan tana ƙara sabo a kai duk shekarun nan. Da shi aka turara ki, ke kina ta kuka a cikin mayafi ba ki san komai ba.

Da aka gama wankan, mata suna guɗa, Talatu ta sunkuya ta ɗauki bahon da kanta, ruwan lalle da turare yana tangaɗi a ciki. 'Yan mata suka ce ta kawo su zubar, ta ƙi. Ta ratso tsakar gida har inda nake tsaye, furfura a kanta, furfura a kaina, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ta Nguru, ina ake zubarwa a gidan nan? Kada in kashe muku kifi."

Ku kun ga muna dariya har muna riƙe juna, kun ɗauka murnar biki ce. Na kama gefe ɗaya na bahon, ta riƙe ɗaya, muka kai shi gindin darbejiya tare.